Burodin alkama da dabino, a makon da Inna take gidana

Asabar

Tun da aka sallamo Inna daga asibiti take wurina, kuma babu abin da ke damuna kamar cin abincinta. Tuwo ta ce ya yi mata nauyi. Shinkafa sai ta ɗan tsakura ta ture kwanon. Abin da take karɓa ba gardama shi ne shayi da burodi, safe da dare. To, burodin da yara ke sayo mana a bakin titi, in ka matsa shi da yatsa sai ya lotse ya ƙi dawowa, don ba komai a cikinsa sai iska da sukari. Mai jinyar da ke neman ƙarfin jiki ba za ta samu a nan ba. Na yanke shawarar in gasa mata nawa, wanda kowane yanka zai zama abinci.

Da hantsi na shiga Kasuwar Rimi a nan Kano. Mai alkama ya damƙo mini a hannu ya ce, "Hajiya, ta Kadawa ce, amma ta bara. Sabuwa sai an shiga watan Maris." Gaskiya ya faɗa, don alkamar rani da ake nomawa da ruwan madatsar Tiga a Nuwamba ko Disamba ake shuka ta, yanzu tana gona kore shar. Na bincika ƙwayar da kyau ko ƙwaro ya huda ta, na tauna guda biyu na ji tana ƙaras, sannan na sa ya auna mini kwano ɗaya.

Dabino iri biyu na tarar, busasshen nan mai tauri da ake kawowa ta Agadas, da mai laushi wanda ke manne wa yatsa. Na ɗauki busasshen, don ya fi araha kuma jiƙa shi zan yi. Na haɗa da zabibi kaɗan da mazarƙwaila guda. A wurin mai kayan ƙamshi ne na daɗe. Citta ta yi tsadar da har yanzu ban saba da ita ba. Tun annobar da ta afka wa gonakin citta a Kachia da sauran kudancin Kaduna a 2023 kuɗinta ya tashi, kuma duk mai dama kunu a garin nan ya ji a aljihunsa. Kirfar da ya miƙo mini mai kaurin ɓawo ce, irin da ta fi yawa a kasuwanninmu. Akwai wata siririya mai nannaɗe-nannaɗe da ake kawowa daga Siri Lanka, ƙamshinta ya fi sanyi, amma ba ya da ita. Na sayi kanumfari, na sayi yis sabon ƙulli wanda ba a buɗe ba, da fulawa rabin kwano.

Lahadi

Na tsince alkamar a faifai, na fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi, na wanke ta, na baza a tabarma a tsakar gida. Iskar hunturu ta yi mini aikin, kafin la'asar ta bushe ƙayau. Ban surfa ta ba. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana kallo, ta ce, "Ke, alkamar da ba a surfe ba ai ta dawaki ce." Na ce mata dusar nake so, a cikinta amfanin yake.

Kuma haka ne. Ƙwayar alkama kashi uku ce: ɓawon waje wanda ke zama dusa, da ɗan idon da tsiro ke fitowa daga cikinsa, da farin cikin. Kamfanonin fulawa farin kaɗai suke riƙewa, domin idon nan yana da mai, kuma man ne ke sa gari ya yi ɗaci in ya daɗe a ajiye. Fulawa ba guba ba ce, ban yarda da masu cewa haka ba, tun 2002 ma doka ta tilasta a riƙa ƙara mata bitamin A a Najeriya. Amma harzar da ke gyara ciki da yawancin sinadaran ƙarfe da bitamin B na ƙwayar suna tafiya ne tare da dusar, mu kuwa mu ba tumaki.

Na kai niƙa da kaina. Na roƙi mai inji ya fara zuba ɗan tafi ɗaya ya wanke bakin injin, don wanda ya riga ni barkono da masara ya niƙa. Ya maimaita mini sau biyu har garin ya yi laushi. Da na dawo na tankaɗe da rariya mai faɗin ido, abin da ya tsaya a kai ɗan tsaki ne kawai, na ajiye shi don kunu.

Litinin

Daga makaranta na dawo a gajiye, don haka aikin yau kaɗan ne. Na fasa dabinon na cire ƙwallayen, ina duba cikin kowane ɗaya, saboda busasshen dabino yakan ɓoye tsutsa a inda ido ba ya kaiwa sai an buɗe. Na yayyanka shi ƙanana, na haɗa da zabibin a kwanon sha, na zuba musu baƙin shayi mai zafi har ya sha kansu, na rufe.

Jiƙon nan dole ne. Busasshen ɗan itace in aka sa shi a kwaɓi haka nan, ruwan kwaɓin zai zuƙe, burodi ya fito a bushe, shi kuma ya zauna da taurinsa yana jiran haƙorin mutum. Inna kuwa haƙoran da suka rage mata ba su da yawa. Mutanen Wales da na Ayilan ma a shayi suke kwanar da zabibinsu kafin su yi burodinsu na 'ya'yan itace, kuma ina ganin sun yi dabara, don ɗacin shayin yana rage wa zaƙin kaifi.

Bayan isha'i na daka kirfa da citta da kanumfari, kowanne daban, a ƙaramin turmi. Ƙamshi ya cika gidan har autana ya fito daga ɗaki yana tambaya ko kunun gyaɗa ake yi.

Talata

Yau ranar gwaji ce. Na yi ƙananan kwaɓi biyu don in ga bambanci da idona: ɗaya garin alkama zalla, ɗaya kuma rabi alkama rabi fulawa. Yis ɗin na fara tayarwa a madara mai ɗumi da ɗan gutsuren mazarƙwaila. Ɗumin da nake nema shi ne irin na ruwan wankan jariri, wanda za ka tsoma gwiwar hannu ba ka ji zafi ba. Yis abu ne mai rai, zafi in ya kai wajen digiri 60 kashe shi yake yi. Cikin minti goma kumfa ta taso a saman kofin, na san ƙullin da aka sayar mini mai kyau ne.

Da na zo murzawa sai bambancin ya fito tun a hannu. Mai fulawar ya yi santsi, yana miƙewa in na ja shi. Na alkama zallar kuwa yana yagewa, kuma ya shanye ruwan da na ba shi yana neman ƙari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: abin da ke riƙe iska a cikin burodi shi ne danƙon da garin alkama ke yi in ya haɗu da ruwa aka murza shi, dusar kuwa gefenta kaifi ne da shi, tana yanyanka wannan danƙo, ga ta da shan ruwa.

Na zuba kayan ƙamshi da dabinon, na rufe kwanukan da leda, na ajiye a madafi. Awa ɗaya, shiru. Awa biyu, sun ɗan motsa. Sanyin da ake yi a makon nan ba na wasa ba ne, ƙura ta rufe rana tun safe. Sai na kai su kusa da murhu inda toka ke da sauran ɗumi, na lulluɓa musu tsohon bargo, a nan suka fara tashi da gaske.

An ɗauke wuta tun jiya, gas ɗinmu kuma na girki ne, ba zan ƙarar da shi a obin ba. Na koma ga tukunyar yashi kamar yadda muke gasa kek ɗin sallah. Na zuba wankakken rairayi busasshe a gindin babbar tukunyar ƙarfe, kaurin yatsu biyu, na kifa gwangwanayen madara uku a kai don su ɗaga gwangwanin burodin daga yashin, na rufe, na bar ta a kan gawayi minti ashirin ta ɗauki zafi. Na jefa farar takarda ciki, da na ga ta yi ruwan ƙasa cikin 'yan mintoci ba ta ƙone ba, na saka burodin. Na ɗebi garwashi na baza a kan murfin, domin zafin ya zo ta sama ma.

Na alkama zallar ya fito gajere, mai nauyi, ga ɗanɗano mai daɗi amma sai an yi aikin tauna. Mai haɗin ya fi tashi ya fi laushi. Dukansu biyun cikinsu a cushe yake fiye da yadda nake so. Na yanka wa Inna na biyun. Ta tsoma a shayi, ta ci rabin yanka, ta ce, "Kanumfarin ya yi yawa, kamar ana maganin haƙori." Amma ta cinye sauran rabin.

Laraba

Ban kunna wuta don burodi ba yau. Na ɗauki gutsuren na jiya na shiga gidan maƙwabciyarmu, dattijuwar da ta yi shekaru tana gurasa a tanderu tana bai wa masu talla. Ta gutsura, ta shinshina, ta murza tsakanin yatsunta kafin ta kai baki.

"'Yata, garinki bai sha ruwa ba," ta ce. "Kin kwaɓa kin gasa a yini ɗaya. Alkamar gida ba ta son gaggawa. Ke da kike kwanar da ƙullin waina, me ya hana ki kwanar da wannan?"

Na zauna muka daɗe. Ta ce a lokacin zafi kwaɓinta kan tashi kafin ta gama share tanderu, a hunturu kuwa tun dare take haɗawa, kuma gurasar hunturun ta fi ɗanɗano, masu saye ma sun sani. Wannan ya yi daidai da abin da masu burodi a ko'ina suka tabbatar: in yis ya yi aiki a hankali cikin sanyi, ƙamshin hatsin ya fi fitowa, dusar kuma ta jiƙa ta yi laushi ta daina yanka danƙon. Darare a Kano yanzu suna sauka ƙasa da digiri 15, wato sanyin da wasu ke nema a firji mu ga shi Allah Ya ba mu a tsakar gida.

Na ƙara da wani abin da na sani game da kirfa da kanumfari. Man da ke cikinsu yana kashe ƙananan halittu, to yis ma ba ya tsira daga gare shi. In an zuba su tun farko, tashin kwaɓi yana ja baya. Gara a bari sai danƙo ya haɗu, yis ya kama aiki, sannan su shiga.

Da dare Inna ta sa a ɗumama mata ragowar burodin a kan tanda. Ban ce komai ba, amma na ji sanyi a raina.

Alhamis

Na ari sikelin kek wurin ƙanwar maigidana, don wannan karon ina so in san abin da na zuba, in ya yi kyau in iya maimaitawa. Da yamma na jiƙa sabon dabino giram 150 da zabibi giram 80 a shayi, na kankare ɓawon lemun zaƙi guda a kai, saman kawai, ban taɓa farin ba don ɗaci ne da shi.

Bayan isha'i na auna garin alkama giram 300, na zuba ruwa mililita 270 da yis ɗan kaɗan, kwatan cokalin shayi. Ban murza ba, juyawa kawai na yi da muciya har babu busasshen gari, na rufe da murfi na ajiye a kan tebur a madafi. Ba gishiri, ba mai, ba madara, sai gobe.

Juma'a

Bayan sallar asuba na buɗe kwanon. Kwaɓin ya kumbura, samansa duk ƙananan ramuka, yana wani ƙamshi mai ɗan tsami-tsami mai daɗi. Da na ja shi da yatsa sai ya biyo ni yana miƙewa, alhali ban murza shi ko sau ɗaya ba. Dare ya yi rabin aikin.

Na dama madarar gari a ruwan ɗumi mililita 90, na narkar da mazarƙwaila giram 40 a ciki, na tayar da yis cokalin shayi ɗaya da rabi. Na juye a kan kwaɓin daren, na ƙara fulawa giram 200 da gishiri cokalin shayi ɗaya. Gishirin na rage shi saboda hawan jinin Inna, amma ban cire shi gaba ɗaya ba, don burodin da ba gishiri lami yake fitowa kuma yis yana wuce gona da iri a cikinsa. Na murza minti goma a kan tire, ina turawa da gindin tafin hannu ina naɗowa. Da farko yana manne mini, kuma a nan ne hannu ke ƙaiƙayin ƙara gari. Na daure, na shafa ɗan mai a tafina kawai. Can sai ya saki tiren da kansa. Sannan na sa man shanu giram 40, soyayye wanda ya huce, na ci gaba har ya shige.

Na tsane dabinon a rariya, na matse shi kaɗan a tsumma mai tsabta. Na baje kwaɓin, na barbaɗa kirfa cokalin shayi ɗaya, citta cokali ɗaya, kanumfari kuwa abin da yatsu biyu suka ɗauka kawai, na watsa 'ya'yan itacen, na naɗe, na sake bajewa na naɗe har suka rarrabu. Shayin da ya rage a kwanon jiƙon ya yi kauri ya yi zaƙi, na ajiye shi.

Awa ɗaya da rabi a gefen murhu ya ninka. Na danne iskar a hankali, na naɗe shi na sa a gwangwanin da na shafe da mai, duk zabibin da ya leƙo waje na tura shi ciki don kada ya ƙone ya yi ɗaci. Ya sake tashi kamar minti hamsin. Na danna shi da yatsa, ramin ya dawo a hankali bai cike duka ba, alamar ya isa. Mai obin zai sa a digiri 180. Ni tukunyata na koma, na rage garwashin ƙasa fiye da na Talata don kwaɓi mai zaƙi yana saurin ƙonewa a gindi. Ban ɗaga murfin ba sai bayan rabin awa. A minti arba'in da biyar na juye shi, na ƙwanƙwasa gindin, ya amsa da ƙarar abin da ke da rami a ciki. Na shafa masa shayin dabinon nan a sama tun yana da zafi, ya yi sheƙi.

Sai rigimar jira. Yara sun kewaye ni, na ce ba mai taɓawa sai ya huce, don cikin burodi yana ƙarasa nuna ne bayan an sauke shi, in an yanka da zafi sai ya cakuɗe a wuƙa. Aka sauko daga masallaci, Yaya, wan maigidana, ya biyo ya duba Inna, a gabansa na yanka. Cikin ruwan ƙasa ne, mai laushi, dabino ya narke ya yi zane-zane a jikinsa, kowane yanka da rabonsa na zabibi.

Ni ce 'yar farin Inna, ko sunana ba ta faɗa, balle ta yabe ni a gaban mutane, kuma ban sa rai ba. Ta ci yanka ɗaya da shayi, ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu. Sai ta juya ga autana ta ce, "Maigidana, kai da ba ka taɓa kawo mini cefane ba, ga shi ana ciyar da matarka a gidanku. Ka faɗa wa mai yin wannan Allah Ya yi mata albarka." Yaron ya juyo ya maimaita mini kalma bayan kalma, Yaya yana dariya. Na ce amin, na tashi na shiga madafi don idona ya cika.

Asabar

Ya fi daɗi yau fiye da jiya. Kayan ƙamshin sun zauna, cittar ta fito, kirfar ta kwanta. Na naɗe shi a tsumma sannan na sa a leda, don iskar nan tana busar da burodi cikin yini ɗaya. Ban sa shi a firji ba, sanyin firji yana sa burodi saurin tsufa. Wanda ake so ya daɗe sai a yayyanka a kai firiza, in akwai wutar da za ta riƙe shi. Tunda ba maganin hana lalacewa a cikinsa, a lokacin zafi ko damina ba zan bar shi ya wuce kwana uku a waje ba.

Matar Yaya ta kira ni da rana tana neman yadda ake yi, wai za ta yi wa mahaifinta mai ciwon suga tunda ba sukari a ciki. Na tsayar da ita. Dabino sukari ne, fiye da rabin nauyin busasshensa ma, zabibi haka, mazarƙwaila kuwa ruwan rake ne aka dafa ya daskare. Abin da burodin nan ya fi na kanti da shi shi ne harza da ƙoshi da sanin abin da ke ciki, amma ba magani ba ne. Na ce ta tambayi likitansa tukuna, in ya yarda a cire mazarƙwailar, a rage dabinon, a yanka siriri. Na ji muryarta ta yi sanyi, amma gara haka da in ba ta abin da zai cutar da dattijon.

Lahadi

Inna ta karya da yanka biyu da dafaffen ƙwai, da rana kuma ta ce a ɗan sa mata tuwo da miyar kuɓewa, ta ci fiye da rabi. Ba zan ce burodi ne ya yi ba, magani yana aikinsa, jiki kuma yana dawowa da izinin Allah. Amma bakinta ya buɗe, kuma yau da kanta ta taka har zaure ta dawo.

Abin da ya rage ƙarshen gwangwani ne, na gasa shi a tanda da ɗan man shanu yara suka raba. Garin alkamar da na niƙa saura na yi biyu, kuma ba na so ya wuce wata a ajiye saboda man da ke cikinsa. Babbar 'yata ta ce ita za ta haɗa kwaɓin daren yau. Na ba ta sikeli da muciya, Inna kuma daga kan tabarma ta ba da nata umarnin: a ƙara citta, a yanka dabinon manya-manya don a riƙa jinsa a baki, kuma a yi gwangwani biyu, ɗaya na maƙwabciyarmu mai gurasa.